Igiyar Gidan Hankurau

Ba ya cikin taswira.
In ka bar Maradi ka yi arewa,
ka wuce inda kwalta ta gaji,
tambayi makiyayi, kar ka tambayi direba.
Zai turo baki wajen aduwa uku
ya ce: can ne, amma ba kowa.

Kakana Hankurau ba nan ya nufa ba.
Kanwa ya ɗauko zai kai kudu,
takarkarinsa ya durƙusa a tsakiyar fili,
aka murɗa wutsiya, aka yi lallashi, ya ƙi tashi.
Kwana na uku tsohon ya ce:
dabba ba ta ƙarya, akwai ruwa a ƙasan nan.
Shi da ƙanensa Barmu suka haƙa gaba goma sha ɗaya
kafin laka ta kama bakin dagi.
Kanwar ba ta ga kudu ba,
a tukunyar wake ta ƙare.

Gida ɗaya ya haifi tara.
Tunau maƙeri ya zo da zugazugansa da ido ɗaya.
Aka yi shekarun gujiya,
rumbu ya cika har aka ari na maƙwabci,
Mati ya sayo rediyo daga birni,
gari duka ya zauna a ƙofarsa
yana sauraron labarin ruwan wasu ƙasashe.

Ruwan namu kuwa sauka yake, a hankali,
kamar baƙon da ke jin kunyar sallama.
Kowace bazara guga ya dawo da sauƙi,
sai a tufka kaba, a ƙara wa igiya.
Ba mu da malamin da ke rubuta shekaru,
ƙulli ne littafinmu.
Wannan na shekarar fara.
Wannan na shekarar da aka haifi Illo da haƙori.
Wannan, mai kauri, Barmu ya ɗaura shi,
bai sha ruwan da ya jawo ba.

Gari ba ya mutuwa rana ɗaya.
Tunau ya ɗora uwar maƙera a jaki, ya yi Tibiri.
Samari suka tafi cin rani,
rani ya cinye su a Kano da Agadas.
Mai tashi yakan cire ƙyauren ɗakinsa ya tafi da shi,
ɗakunan suka tsaya baki buɗe
kamar masu jiran a ba su amsa.

Cima ce ta ƙarshe, ita da awaki uku.
Ta ce in ta tafi, wa zai gai da na kwance?
Sai da ƙafarta ta kumbura
muka ɗauke ta a amalanke, tana zaginmu.
Ba ta ɗauki ƙwarya ba, ba ta ɗauki tabarma ba.
Igiyar ta naɗe a cinyarta,
gaba talatin da huɗu.

Yanzu tana Bagalam, a tsakar gidana,
daga bishiyar dogonyaro zuwa katanga, ninki uku.
A kanta muke shanya.
Famfo na zuba a gefe, ba ya tambayar ƙarfin kowa.
Ɗiyata Sahiya ta ce ƙullin na kama mata zane,
in sayo ta roba a kasuwa.
Na ce to. Ban sayo ba.

Bara na koma bayan girbi.
Na jefa tsakuwa a rijiyar,
kurciya biyu suka tashi, ba wani sauti.
Wani da ban sani ba ya nome kufan,
ya kauce wa kaburbura, Allah ya saka masa.
Ya ce duk gonakinsa ba inda gero ke yi kamar nan,
musamman wancan gurbin, kusa da aduwa.

Na duba.
Nan Cima ke zubar da toka.